Birkin Keken Alhaji Badamasi

Akwai wani dillalin dankali a Jos, Alhaji Badamasi, mutumin kirki, sai dai Allah ya hore masa tumbi. Tumbi kuwa ba na wasa ba, irin wanda in Alhaji zai shiga shago shi ke fara leƙawa ciki kafin mai shi ya yi sallama. Da ciwon suga ya soma taɓa shi, likita ya zaunar da shi ya kafa masa doka: ban da maiƙo, ban da zaƙi, kuma kullum da safe ya hau keke ya zaga gari har sai ya yi gumi. Matarsa Hajiya Turai ta karɓi dokar nan hannu bibbiyu, kamar da ma jira take. Tun daga ranar girkin gidan ya koma dafaffen ganye da faten acca ba ko ɗigon mai, abincin da Alhaji kan buɗe kwano ya kalla ya ji kamar ya yi kuka.

Keken ne ya cece shi. Da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, sai ya naɗe ƙafar wando ya haye, ya yi ta fama kamar gaske har ya sha kwana ya ɓace wa gidan. Can bayan tasha akwai wata 'yar Bauchi mai tuyar masa, Iya Ladiyo, wadda masarta ke tashi fara sol, gefe ya soyu ya yi ja. A nan Alhaji ke jingine keke, ya zauna a benci ya juya wa titi baya, a jera masa masa a faranti, a malala miyar taushe da man shanu, ya ci ya yi nak. Sai ya goge baki, ya jefa kanumfari a kunci, ya kamo hanyar gida yana haki. Hakin kam na gaskiya ne, don hawa tudun Jos da cikakken ciki ba ƙaramin aiki ba ne. Hajiya ta tare shi da "sannu da ƙoƙari," shi kuwa ya amsa da muryar wanda ya sha wuya. A duniyar nan in ka raba Alhaji da masar safen nan, to ka gama da shi.

Ana nan sanyi ya shigo, irin na Jos, wanda ruwan alwala ke cizon yatsu. Alhaji ya kwaso tari. Hajiya ta ce ita fa ba za ta zuba ido sanyi ya kashe mata miji a titi ba, ta ji an ce akwai keken da ake tuƙawa a cikin ɗaki, shi za a saya. Alhaji ya yi ta rantsuwa cewa sanyin ma magani ne, iskar safe ita ke narka kitse. Ko sauraronsa ba ta yi ba. Ta yafa mayafi ta sa shi gaba sai shagon kayan motsa jiki.

Mai shagon, wani dogo da ake kira Sallau, ya tarbe su da fara'ar wanda ya hango ciniki. Ya fara nuna musu wasu ƙarafa masu gangara a ƙasa, wai a kansu ake ɗora keke a yi ta tuƙi ba tare da an riƙe komai ba.

Alhaji ya ce, "Kai Sallau, tumbi aka ce in rage, ba a ce in karya ƙugu ba."

Sallau ya yi dariya ya jawo wani ƙarfe mai ƙafa biyu. Ya ce wannan kuma kekenka na gida za ka kawo, a maƙala tayar baya a ɗaure, ka hau ka yi ta tuƙi a wuri ɗaya. Nan take idon Alhaji ya yi haske. Keke dai na nan da tayoyinsa, abin da aka ɗaure kuwa ana iya kwance shi, Hajiya kuma takan koma barci bayan asuba.

Ya gyara murya ya ce, "To wannan da dama. Amma in mutum yana so ya kwance, misali don a goge ƙura, yana ɗaukar lokaci?"

"Ina! Ranka ya daɗe, kafin ruwan shayi ya tafasa ka kwance ka fita abinka."

Alhaji ya ji kamar ya toshe masa baki. Hajiya ta dubi mijinta ta dubi ƙarfen, sannan ta ce, "Malam Sallau, ba ku da wanda ba a kwancewa?"

Akwai kuwa. Yana can lungu, baƙi, jibgege, ƙafa ɗaya ta ƙarfe ba taya, sai ƙarti sun taru suke ɗaga shi. Aka ce Alhaji ya gwada. Ya haye da ƙyar, sirdi ya yi ƙara, ya fara tuƙi yana kallon bango, bango na kallonsa. Wani baƙin ciki ya tokare shi. Ya ga in bai yi da gaske ba, shi da masar Iya Ladiyo sai dai a mafarki, don haka ya shiga neman aibu.

"Wannan ba shi da ƙararrawa."

Sallau ya ce, "Alhaji, wa za ka kaɗa wa a tsakiyar falo?"

"Ba kariya a baya. In mutum ya yi sayayya fa?"

"Ranka ya daɗe, ai ba ya zuwa kasuwa."

Alhaji ya laluba hannun keken dama da hagu, sai ya ji wayam. Ya diro da sauri kamar wanda ya kama ɓarawo, ya juya ga matarsa yana nuna keken da yatsa.

"Kin gani ko, Hajiya? Ba birki! Ni da girmana da iyalina in hau keke ba birki? Tun ina yaro ban taɓa yi ba. Birki shi ne ran keke. Nawa na gida kuwa, ki tambayi kowa a unguwa, duk garin nan ba keken da birkinsa ke ci kamar nasa."

Hajiya ta yi wa Sallau alama ya sa a ɗora baƙin keken a mota, sannan ta gyara mayafinta ta dubi mijin a natse.

"Ai cin nasa ne ya kawo mu nan, Alhaji. Shi ya ci a ƙofar mai masa, kai ka ci a kan benci."