Ranar da Na Kai Tafarnuwa Neman Aure

Na ga ambaliya, na ga yunwa, ban girgiza ba. Abu guda nake tsoro, shanyewar ɓarin jiki, ciwon da ya kwantar da yayana. Malamin asibiti a Goronyo ya ce tafarnuwa da albasa da zogale suna rage kumburi a jijiyoyi, suna taimaka wa ƙwaƙwalwa. Ya ce kaɗan-kaɗan, cikin miya. Ni da nake noman tafarnuwa a bakin dam, na ce kaɗan ta mutanen birni ce.

Ranar da za mu Gandi nema wa ɗan yayana aure, na tauna ɗanyar tafarnuwa cike da tafin hannu, na kora da ruwa. Ni ne madadin uba, magana a bakina take.

Baffan yarinyar malami ne, zaurensa ƙarami, ba taga. An ce yana da wuyar bayarwa. Na matsa dab da shi, na ja gaisuwa mai tsawo. Idanunsa suka kawo ruwa. Na ɗauka kalamaina ne suka taɓa shi, na ƙara matsawa.

Ya rufe hanci da rawani. "Bawan Allah, mi kac ci?"

"Magani, Malam."

"To, mun ba ku. Mun ba ku! Ku taso mu yi addu'a waje."

An yi aure lafiya. Har yau, in wani zai tafi neman aure a garinmu, sai 'yan majalisar hira su nuna ni su ce, "In sun ƙi ba ku, ku zo ku ɗauki tsoho ya gaishe su."