Yayyafin Riɗi

Shif, shif, kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Sautin da ya raka ni ke nan tun daga gonarmu ta Galma.

Inna takan shuka riɗinta tsakanin layukan gero. Da kaka a yanke shi, a jingine dammunan tsaye har su bushe. Ranar kakkaɓa ta aike ni gona da tabarma in kakkaɓo shi a can, ta ce in kula, irinta ne na baɗi. Ni kuwa na ga rana ta yi zafi. Me zai hana a kakkaɓe a inuwar gida? Na ɗora dammunan a ka, kawunansu suna reto a baya, na taho ina jin daɗin waƙar da na zaci iska ke yi mini.

Inna ta girgiza dami, abin da ya zubo bai cika tafin hannu ba.

“Ɗiyata,” in ji ta, “ke da kurciyoyi kun ka haɗa baki?”

Ban yi damina a gida ba, sai bayan shekaru na ji cewa da ruwa ya sauka riɗi ya tsiro layi guda har ƙofar gidanmu, kuma can Inna ta maido irinta. Har yau, in hadari ya taso, sai ta ce in ɗauko dami in taya shi yayyafi.