Manhajar da Ta Toshe Kiran Uban Amarya

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tsayar da ɗaurin aure a Basirka ba, ni da ba ango ba, ba waliyyi ba. Ina koyarwa ne a wata firamare a Birnin Kudu, kuma a danginmu ni ake ɗauka masanin waya (dalili kawai shi ne ina jin Turanci). Ban taɓa musanta wannan matsayi ba, don yana yi mini daɗi.

Auren Hauwa'u za a ɗaura, 'yar kawuna Alhaji Bawa. Shi yana Umara a lokacin, sai ya wakilta ƙanensa Baba Audu, da sharaɗi guda: kada a ɗaura sai ya kira bayan an sauko daga masallaci, ya ji da kunnensa, ya sa albarka. Sabon layi ya saya a can, babu wanda ya riƙe lambar. Shi zai kira wayar Baba Audu.

Ana gobe ɗaurin aure na isa garin. Baba Audu ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Malam, duba min ita, tana nauyi." Ina taɓawa wata talla ta faɗo, ja wur, wai wayar cike take da bairos, ga maganinsa kyauta. Ban tsaya tambayar kaina yadda talla ta san cikin wayar mutum ba. Na sauke manhajar, duk izinin da ta nema na ba ta, har na yi wa tsohon bayanin cewa waya ma kamar akuya ce, tana buƙatar rigakafi. Ya yi ta sa mini albarka.

Washegari aka idar da salla, aka zauna. Ga liman, ga dangin ango da suka zo daga Gwaram a mota biyu, ga goro da alewa. Baba Audu ya ajiye wayar a tabarma, kowa ya zuba mata ido. Rabin awa ta wuce shiru. Aka doshi awa guda. Wakilin ango ya gyara zama, ya ce, "In Alhaji ya sake shawara ne, a faɗa mana mu kama hanya." Fuskar Baba Audu ta canza, ya rantse babu wannan magana. Daga cikin gida aka aiko cewa amarya ta fara kuka.

Liman ya ce, "Ina ɗan bokon nan? Zo ka duba mana." Na tashi da taƙamata, na tsuguna kusa da makirfo, na buɗe wayar. Sai ga manhajata ta fito koriya shar, ga tafi, ga ƙararrawa, ga Turanci, duk a lasifika.

"Me ta ce?" in ji liman.

Da ina da wayo da na ce matsalar sabis ce. Amma malamin makaranta ne ni, in aka ce fassara, fassarawa nake yi. Na ce, "Ta ce ta kare mu daga ɗan damfara sau goma sha ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Wane ne ɗan damfarar?"

Na dubi lambar da manhajar ta toshe, ta Saudiyya ce. Na ce, "Allah gafarta malam, Alhaji ne."

Dariya ta ɓarke tun daga sahun gaba. Ni kuwa kunya ta rufe ni, gumi har cikin hula. Na kira lambar. Alhaji ya ɗauka, muryarsa ta cika fili: "Audu! Awa guda ina tsaye a rana ina kira! Wa ya taɓa wayar nan?" Mutum ɗari suka juyo suka kalle ni. Aka ɗaura aure ina riƙe da wayar a bakin makirfo, kaina a ƙasa.

Daga baya wani mai gyaran waya a Birnin Kudu ya ce mini wayar lafiyarta ƙalau, hotuna ne suka cika ta. Ya ce wanda ba ya sauke tarkace daga ko'ina ba ya buƙatar irin wannan manhaja, kuma kyautar da ta zo tana razana ka, ita ce abar gudu.

Yanzu duk wanda ya miƙo mini waya ya ce in duba masa, sai in karɓa da ladabi, in duba, in faɗa masa ƙarfe nawa, in mayar masa da abarsa.