Ragunan Alhaji Barau Sun Ƙi Harawa

Wallahi har yau in na tuna sai cikina ya ƙulle don dariya. Alhaji Barau, mai kiwon ragunan turke a unguwarmu, mutum ne da ba a gaya masa ya ji. Bana wakensa ya yi ganye sosai, sai ya ce shi da lauje har abada, inji zai saya, irin wanda tarakta ke ja, yana yanka yana murje ciyawa don ta bushe da wuri. Mai shago ya nuna masa iri biyu. Ɗaya mai roba, yana matse kara a hankali ba ya taɓa ganye, shi ne na harawa. Ɗayan mai haƙoran ƙarfe, dukan kawo wuƙa yake wa ciyawa, na gamba ne da sauran masu tauri.

"Roba?" in ji Alhaji. "Kamar ni ka haɗa ni da roba, sai ka ce takalmin wanka? Ɗora min na ƙarfen!"

Ranar yanka ya gayyato rabin gari. Inji ya ɗauki ruri, ganye ya yi sama, Alhaji na tafa hannu yana "Ku ga aiki, jama'a!" Abin da aka kwaso gida kuwa tsinke ne zalla, ganyen duk ya bi iska. Kuma shi ke nan abincin raguna ashirin har Sallah.

Aka zuba musu. Suka shinshina, suka ɗago kai suka zuba wa Alhaji ido. Kwana biyu ba wanda ya sa baki. Hankalinsa ya tashi, ya je ya ɗauko yayarsa Tabawa, wadda ta fi shekara talatin tana kiwo.

"Yaya, duba min dabbobin nan. Ko ciwo ne, ko baki. Tun da aka ga injin nan idon mutane ke kaina."

Ta buɗe bakin rago ɗaya ta duba, ta leƙa baho, ta zaro tsinke guda ta jujjuya shi.

"Lafiyarsu ƙalau, Barau. Tarbiyya ce da su."

"Tarbiyya kuma? Ga abinci a gabansu sun ƙi ci!"

"To ina ka taɓa ganin ɗan mutunci ya yi sakace bai ci tuwo ba?"