Ciyawar da Ba Ta Shan Ruwa

"Kafin ranar buɗe garin nan, in ba ku nemi bargo da tsakar rana ba, ku canza min suna!"

Mai wannan cika baki, ɗan'uwa, shi ne mataimakin shugaban sashen shuke-shuke a hukumar da ke gina sabon gari. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓata. Nagani kowa ke ce masa, saboda an taɓa tura shi taron bita ƙasar waje, ya yi 'yan kwanaki, rabinsu ma a filin jirgi. Tun daga nan ko gishiri aka zuba masa a miya sai ya ce, "Ai ba haka na gani a waje ba."

Garin kuwa ya tsaru, tituna ɗoɗar, gidaje reras, sai dai siminti da kwalta ne ko'ina. Rana na take tsaka sai ka rantse a tanda aka kife ka. Shi ya sa Daraktan hukumar ya ce duk wanda ya sanyaya babban dandalin garin, kujerar shugaban sashe tasa ce. Nagani bai jira komai ba, ya ba tela ɗinkin rigar hawa kujera.

A tsakiyar dandalin akwai wata tsohuwar tsamiya da magina suka tarar, direbobi da leburori na shan iska a gindinta. Gogan naka ya zagaya ta, ya duba zanen garin, ya taɓe baki.

"Wannan ba ta cikin tsari. Ga ta a karkace kuma. A waje bishiyoyi a layi suke kamar sojoji."

Wani direba ya ce, "Ranka ya daɗe, ita kaɗai ce fa inuwarmu."

"Inuwar gargajiya! Ta zamani na nan tafe. A sare!"

Aka sare, aka bar kututture, aka bar bayin Allah suna raɓewa a gefen motoci.

Sai ya yi odar wasu 'yan tsirrai daga waje, masu sunan da shi kansa sai ya yi tari yake iya faɗa. Aka dasa su a layi. Washegari duk suka langaɓe, don su ma inuwar suke nema. Waɗanda suka yi taurin rai, awakin unguwa suka yi musu ta'aziyya. Nagani ya fusata, ya kafa ƙaton allo: AN HANA AWAKI SHIGA. To amma ka san awakin ba su yi boko ba. Suka cinye sauran, suka kwanta a inuwar allon suna tuƙa.

Ranan ya koma gida fuska a murtuke. Can yana cikin cin abinci sai ya buga cinya.

"Na samo! Ciyawar roba, da bishiyoyin roba!"

Matarsa ta ajiye ludayi. "Roba fa ka ce, maigida?"

"Ba ta shan ruwa, ba ta bushewa, akuya ba ta ci."

"To ita me take yi?"

"Kore take yi! Kimiyya ta ce kore na kawo sanyi. Ke dai tsaya a girkinki."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Ni dai bokitina ma kore ne, kuma in na bar shi a rana ba ya taɓuwa."

Ina! Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Aka shimfiɗe dandali kaf da ciyawar roba, aka kakkafa bishiyoyin roba sirara-sirara, a layi kamar sojoji. A hoto kam, aljannar duniya. Kuma shi da bakinsa ya nace a yi bikin da tsakar rana, wai don kowa ya ji sanyin a jikinsa.

Ranar buɗewa ya zo cikin sabuwar riga, ya karɓi lasifika ya yi jawabi har Darakta ya fara fifita da hula. Daga nan ya tuɓe takalma da safa.

"A waje, ranka ya daɗe, ba a hawa ciyawa da takalmi!"

Ya taka ya shiga. Taku kaɗan sai murmushinsa ya ƙage. Ya ɗaga ƙafar dama, ya ajiye, ya ɗaga ta hagu.

Darakta ya ce, "A'a, rawa kake yi?"

"Murna ce, ranka ya daɗe! Sanyi ne ke ratsa ni!"

Kaico. Da ma ya yi shiru. Darakta, mutum mai jiki, wanda tafin ƙafarsa bai san komai ba sai kafet, ya ce ai shi ma ba za a bar shi a baya ba. Ya cire takalmi ya afka da saurinsa. Sai da ya yi nisa saƙon ya isa kansa.

Ihun da ya ƙwalla, har awaki sai da suka miƙe. Baya ta yi nisa, gaba ta yi nisa. Abu ɗaya ne a duk dandalin ba na roba ba, shi ne kututturen nan. Su biyun suka ruga suka ɗare kansa, suka rungume juna kamar an daɗe ba a haɗu ba.

Darakta yana haki ya duba ƙasa. "Wannan kututturen mene ne?"

Daga bakin titi direban nan ya ɗaga murya. "Inuwar gargajiya ce, ranka ya daɗe!"

Bayan an kawo takalma an sauko da su, Darakta ya sa aka ɗauko babbar laima daga mota, ya damƙa wa Nagani.

"Kujera kake so ko? Ga kututture nan, zauna. A kwashe robar nan a dasa bishiya ta gaske. Kafin ta girma, duk wanda ya zo nan neman inuwa, kai ne inuwarsa."

Alƙawari kuwa kaya ne, shi ya ce a canza masa suna. In ka bi ta dandalin da rana za ka gan shi, laima a hannu, direbobi kwance a gindinsa, ɗaya na cewa, "Tsamiya, don Allah ɗan karkato nan, rana na dukan ƙafata."