Ainun da Ban Ji Ba

Ni ne mai Larabci a cikin ma'aikatan gonar kafilinmu, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasarsu, da ke bayan unguwar Badi'a, don haka da ciwon majina ya shiga zomayensa, ni aka tura wajen likitan dabbobi. Ya miƙo mini allurar rigakafi, ya ce kada in manta da "akbar". Ya so ya ƙara bayani, na ɗaga masa hannu. Wanda ya yi nahawu a Zariya ai ba a fassara masa "mafi girma".

Na dawo na tsince manyan zomayen na yi musu allura. Idi direba ya ce, "Malam, ƙananan fa?" Na ce masa ilimi ba tuƙi ba ne.

Ba a jima ba muka fara kwasar mushen ƙananan a baro. Ashe "akbar" ɗin likita da harafin ainun yake, ba alif ba: danƙon da ƙudan zuma ke liƙe amya da shi, wanda za a ba duka zomayen tare da allurar. Kafili bai yi faɗa ba. Ya dubi ramin da muke binne su, ya tambayi yaushe iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, za ta ƙare.

Har yau in na shiga unguwar Gubaira cin tuwo, sai Idi ya ce, "A zuba wa Malam akbar."