Bim Ɗin Da Ya Bi Zane

Ba a taɓa samun kuskure a aikin Injiniya ba, kuma shi da kansa ya tabbatar da haka a rubuce. Shekara goma sha tara yana zana gidaje. Hular kwanonsa fara ce sol, ƙura ba ta taɓa hawanta ba, domin a kujerar bayan mota take zaune kamar baƙuwa. Ma'aikata na kiransa Ba-Kuskure. Da labari ya kai masa, sai ya sa aka ƙara sunan a katinsa.

Gwaggonsa, wadda ta rene shi bayan rasuwar mahaifinsa, ta yi shekara talatin tana koyarwa. Da ta yi ritaya, ta ƙudurta gina makarantar ƙananan yara: babban ɗaki a ƙasa, aji biyu a bene. Wa za ta ba zane in ba ɗan ɗan'uwanta ba?

A zanen farko akwai ginshiƙi a tsakiyar ɗakin ƙasa. Injiniya ya dube shi, ya goge. Ya ce ginshiƙin tsakiya aikin matsorata ne. Tsohon birkilan da ke riƙe da aikin ya yi ƙasa da murya, ya ce bim ɗin, wato dogon kankaren da ke ɗauke da benen, ya yi tsawo ainun, rodin cikinsa kuma bai fi na taga kauri ba.

"Baba, kai bulo ka sani, ni lissafi na sani," in ji Injiniya. "Na karanci ƙarfe har sai da ya fara jin kunyata."

Aka zuba kankare. Kwana tara da zubawa ya sa aka cire katakon da ke tokare da shi, saboda mai ɗaukar hoto zai zo kuma katako na ɓata hoto. Birkila ya ce an saba barinsa mako uku. Injiniya ya ce wannan na kankaren wasu ne.

Tun daga wannan rana birkila ya ɗaura igiya daga bango zuwa bango, daidai gindin bim. Kowace safiya yakan hau benci ya auna da yatsa. Makon farko, tsakiyar bim ta sauko ƙasa da igiya da yatsa ɗaya. Mako na uku, yatsa biyu. Ya gaya wa Gwaggo, ita kuma ta kira ɗanta.

Injiniya ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai. Ya yarda cewa gini ya saɓa wa zane, kuma doka ba ta yarda da haka ba. Ya koma ofis. Washegari ya dawo da sabon zane wanda bim ɗinsa ya lanƙwasa da yatsa biyu cif. A kusurwa ya rubuta Gyara na Ɗaya, ya buga hatimi.

"Yanzu gini da zane bakinsu ɗaya," ya ce. "Duk mai ƙorafi ya kawo a rubuce."

Bim bai iya karatu ba, ya ci gaba da sauka. Gyara na Biyu ya biyo shi. Da tsaga ta fito a gefen hagu, Injiniya ya aiko a auna ta, ya zana ta da jan biro a Gyara na Uku, ya raɗa mata suna hanyar numfashi. Ya yi wa Gwaggo bayanin cewa gini na zamani yana buƙatar shan iska. Da ƙofar ɗakin ta daina rufuwa, ya sa kafinta ya yanke samanta, wannan ya zama Gyara na Huɗu. Kafintan ya yanke sau biyu a wata guda, har ya fara barin zartonsa a can.

Gwaggo ba ta san lissafin ƙarfe ba. Abin da ta sani shi ne iyaye sun riga sun rubuta yara arba'in da biyu, ranar Litinin ta sama za su zauna ƙarƙashin wannan bim, wasunsu ko takalmi ba su iya sa wa kansu ba. Ta tambayi birkila gaskiya. Ya ce shi dai jikarsa ba za ta shiga ba, sannan ya roƙe ta kada ta ce shi ya faɗa. Ta tambayi Injiniya. Ya miƙo mata takarda mai hatimi uku, wadda ta ce ginin zai kai shekara ɗari.

Ran Talata da safe Injiniya ya isa ofishinsa, ya tarar ba tebur, ba kujera mai juyawa, ba firji. Sakatariya ta ce Gwaggo ta zo da motar kaya.

A makaranta ya same su. An jera komai a tsakiyar ɗakin ƙasa, teburin daidai ƙarƙashin tsagar. Gwaggo na kan benci a waje, tana yi wa littattafan yara bango.

"Ɗan nan, ka sha wahala a kaina, ban ba ka komai ba," ta ce. "Ga ofis kyauta har Litinin. In ka yi kwana shida a ciki, sai yara su shigo."

Leburori sun ajiye shebur suna kallo. Injiniya ya gyara wuyan riga, ya yi jawabin minti goma a kan amanar sana'a, ya shiga ya zauna. Aka kawo masa shayi. Wata babbar mota ta wuce a titi, yashi ya zubo cikin kofin. Ya dubi kofin, ya dubi sama. Karon farko ke nan da ya ga bim ɗin yana zaune a ƙarƙashinsa. A takarda bai kai haka girma ba.

Ya fito da saurin da ba a san shi da shi ba. Ya bayyana wa Gwaggo cewa an yi lissafin ɗakin ne don yara, masu ƙaramin nauyi, shi kuwa kilo ɗari da biyar ne.

"Ai a ƙarƙashi kake, ɗan nan, ba a kai ba," in ji ta. "Koma ka sha shayinka."

Bai koma ba. Kafin rana ta take, an kafa ƙarafan tokara goma sha huɗu, an fara haƙa ramin ginshiƙi inda teburin yake. Gwaggo ta bi iyaye gida-gida ta ɗage buɗe makaranta da wata biyu. Uku sun cire 'ya'yansu, sauran sun jira.

Gyara na Biyar ya fito da yamma, da ginshiƙi ƙato a tsakiya. Kwanan watan da ke kansa ya girmi ranar da aka fara gini, kuma haɗe da shi akwai takardar tuhuma ga birkila, a kan ya manta da ginshiƙin da ke cikin zane. Layukan zanen dai sun ɗan karkace. A kan sitiyarin mota aka ja su, can tsallaken titi, gilashi a rufe.